Me ya sa gilashin leza ke ƙonewa duk da shafen kariyar da aka yi masa?

Duk wanda ya taɓa sayen madubi ko lensi na na'urar leza ya ga wata lamba a takardar bayanin kayan, an rubuta LIDT a gabanta, wato iyakar ƙarfin hasken leza da gilashin zai jure kafin ya lalace, misali jul 20 na kuzari a kowane murabba'in santimita. Mai saye yakan ɗauka cewa muddin bai kai wannan lamba ba, gilashinsa ya tsira. Sai a wayi gari a ga ɗigo baƙi a tsakiyarsa, alhali na'urar ko rabin abin da aka rubuta ba ta kai ba. Daga nan zargi yake tashi. Mai amfani ya ce jabu aka sayar masa, maƙeri ya ce rashin kula ne. Sau da yawa babu wanda ya yi ƙarya a cikinsu. Ruɗanin yana wuri biyu: aikin da shafen yake yi a zahiri, da sharuɗɗan da aka auna wannan lamba a kansu.

Abin da ake nufi da shafe

Kalmar kariya takan sa mutum ya yi tunanin sulke, wato wani abu mai kauri da yake tare duka. Shafen gilashin leza ya yi nesa da haka. Falle-falle ne sirara ƙwarai, kaurin kowanne sau da yawa bai wuce nanomita ɗari ɗaya ko ɗari biyu ba, kuma nanomita miliyan ɗaya ne ke yin milimita ɗaya. Aikinsu shi ne su nuna wa haske hanya: ko ya wuce gaba ɗaya, ko ya koma gaba ɗaya, ba tare da ya tsaya ya zama zafi ba.

Gilashi tsirara yana mayar da kusan kashi 4 cikin 100 na hasken da ya faɗo masa a kowace fuska. A zinki selenaid, wanda ake yin lensin lezar kabon dayoksaid da shi, abin ya kai wajen kashi 17 a fuska ɗaya. A kyamara wannan asarar haske ce kawai. A leza mai kilowat 6 kuwa, kashi 4 ɗin nan wat 240 ne ke komawa baya, zuwa inda ba a shirya karɓarsa ba. Shi ya sa ake yin shafen hana dawowar haske, fasahar da Alexander Smakula ya yi wa rajista a kamfanin Carl Zeiss na Jamus a 1935, shekara 25 kafin Theodore Maiman ya kunna leza ta farko a 1960. Dabarar ita ce a sa fallen da kaurinsa ya yi rubu'in tsawon zangon hasken, ta yadda hasken da ya dawo daga saman fallen da wanda ya dawo daga ƙasansa za su kashe juna. Falle ɗaya na magnesiyam fuloraid yana rage dawowar zuwa wajen kashi 1.3. Falle biyu da aka daidaita wa zango ɗaya suna sauko da ita ƙasa da kashi 0.25.

Madubi kuma akasin haka ne. Ana jera falle mai yawan lanƙwasa haske a kan falle mai ƙarancin lanƙwasawa, a yi ta maimaitawa. Ga leza mai zangon nanomita 1064, fallen silika yakan zama kusan nanomita 183, na hafniya (oksaid ɗin ƙarfen hafniyam) kusan 140. Tagwaye 10 na irin wannan jeri suna mayar da kusan kashi 99, tagwaye 15 kuma sun haura 99.9. Ana guje wa madubin ƙarfe a wuraren da haske ya yi tsanani saboda ƙarfe yana shan wani kaso, alminiyam ma yakan sha kusan kashi 8 zuwa 10 na hasken da ido ke gani.

Abin da ya kamata a riƙe shi ne, a mafi yawan lokuta shafen ne ke fara lalacewa kafin gilashin da ke ƙarƙashinsa. Tsantsar silika da aka narkar ta fi kusan kowane shafe juriya. Don haka duk ƙoƙarin masu wannan sana'a shi ne su sa shafen ya matso kusa da juriyar gilashin, tunda ba a iya aiki ba tare da shi ba.

Ɓarnar iri uku ce, kuma maganinsu ya bambanta

Tsawon lokacin da hasken yake ɗauka a kan gilashi shi ne ke yanke irin lalacewar da za a gani.

A leza mai kwararowa ba tsayawa, irin ta yankan ƙarfe da walda, zafi ne ke kisa. Idan shafe ya sha kashi 10 cikin miliyan na kilowat 6, wat 0.06 ke nan, ba a ma jin ɗuminsa. Idan datti ya sa shan ya kai kashi 0.1 cikin 100, ya zama wat 6 a ɗan ƙaramin wuri. Kafin gilashin ya ƙone, tsakiyarsa yakan kumbura kaɗan, yadda yake lanƙwasa haske ya canza, sai wurin da hasken yake tattaruwa ya goce daga inda aka saita shi. Mai yankan ƙarfe yana ganin alamar: yanka ya fara da kyau, bayan 'yan mintoci bakinsa ya soma kaushi.

A leza mai harbi ɗaɗɗaya na nanosakan, wato kashi ɗaya cikin biliyan na daƙiƙa, aibi ne ke jawo ɓarna. Harbin milijul 100 a cikin nanosakan 10 daidai yake da wat miliyan 10 a wannan ƙiftawar. Ƙwayar ƙura ko ɗan gutsuren ƙarfe da bai kai maikuron ɗaya (nanomita dubu) ba yakan yi zafi har ya zama filasma, wato gas mai tsananin zafi, ya fashe, ya bar rami. Sauran fuskar tana nan lafiya, amma ramin yana girma da kowane harbi.

A harbi mafi gajarta, na fikosakan (kashi ɗaya cikin dubu na nanosakan) kaɗan zuwa femtosakan (kashi ɗaya cikin dubu na fikosakan), zafi ba ya samun lokacin yaɗuwa. Ƙarfin hasken da kansa ne ke fizge ilektoron daga mazauninsu. A nan abin dubawa shi ne tazarar kuzarin da ilektoron yake bukata kafin ya kuɓuce, wadda ake aunawa da ilektoron-bolt. Ta silika ta kusa 9, ta hafniya tsakanin 5 da 6, ta tantala wajen 4, ta titaniya 3 da ɗoriya (waɗannan biyun su ma kayan shafe ne). Ƙwayar haske ɗaya a zangon 1064 tana ɗauke da 1.17, a zangon 355 kuwa 3.5. Wannan lissafi shi ke bayyana abin da ya sa titaniya ba ta aiki a zangon 355 sam, da abin da ya sa ƙwayoyi biyu suka isa su tayar da ilektoron a hafniya alhali silika sai an haɗa mata uku. Akwai ciniki a ciki da ba a iya kauce masa: kayan da suka fi lanƙwasa haske, waɗanda za su ba da madubi mai kyau da falle kaɗan, su ne masu ƙaramar tazara. Hafniya da silika sun zama zaɓin manyan lezoji ne saboda sun tsaya a tsaka-tsaki.

Ƙullutu, da abin da ke ɓoye a ƙarƙashin shafe

Aibin da aka fi nazari a madubin nanosakan shi ne ƙullutu. Yayin da ake narka kayan shafe a ɗakin da aka zuƙe wa iska, wani lokaci yakan yi tartsatsi, ɗan gutsure ya faɗa kan gilashi. Fallayen da suka biyo baya sai su hau kansa, kowanne ya fi na ƙasansa faɗi, har a sami wani abu mai siffar mazurari da aka binne, kansa ya ɗan turo waje. Wannan kan yana aiki kamar ƙaramin lensi, yana tara haske a cikin shafen, ga shi kuma gefunansa ba su manne da kyau ba. Idan harbi mai ƙarfi ya same shi, sai ya tumɓuke ya tafi da maƙwabtansa.

An sami sauƙin wannan ta hanyoyi da dama. Narka ƙarfen hafniyam zalla a cikin iskar oksijin, maimakon dunƙulen hafniya, ya rage tartsatsin sosai. Ana kuma horar da madubi: a bi fuskarsa da harbi mai rauni, a riƙa ƙarawa a hankali, sai ƙullutan su fita a natse su bar ramuka masu santsin baki waɗanda ba sa girma. Sannan ana rufe saman da fallen silika mai kaurin rabin zango, kusan nanomita 367 ga zangon 1064. Wannan kauri ba ya canza yawan hasken da madubin ke mayarwa, amma yana riƙe fallen hafniya na sama kada ya ɓare.

Wata dabarar ta lissafi ce tsantsa. Hasken da ke shiga madubi da wanda ke fitowa suna haɗuwa su yi tudu da kwari na ƙarfi a tsaye. A jeri na yau da kullum, tudun farko yana faɗawa daidai kan mahaɗar hafniya da silika, wurin da ya fi ko'ina rauni. Idan aka rage kaurin fallayen hafniya na sama aka ƙara na silika, tudun yakan koma cikin silika, wadda ta fi ɗaukar nauyi.

Shafen hana dawowar haske yana da tasa damuwar, domin a nan hasken yana ratsa komai har zuwa fuskar gilashin. Gogewa takan bar tsagogi ƙanana a ƙarƙashin fuskar da ido ke ganin ta yi sumul, kuma garin seriyam oksaid da ake gogewa da shi yakan maƙale a cikinsu yana shan hasken da ya wuce shuɗi gajarta. Shafe komai kyansa, idan aka ɗora shi a kan wannan, daga ƙasa zai ɗago. Wani abin da ke ba sababbin ma'aikata mamaki shi ne fuskar baya ta gilashi ce ke riga ta gaba lalacewa. Dalili kuwa, a fuskar fita hasken da ke dawowa yana ƙaruwa ne a kan mai fita, har ƙarfin ya ninka na fuskar shiga sau 1.44 a gilashi na gama-gari da ba a shafa ba.

Inda masana suka rabu: wace hanyar shafawa ta fi?

Tsohuwar hanya ita ce narkarwa da harbin ilektoron, tururin ya tashi ya kwanta a kan gilashi. Shafenta yana da ƙofofi ƙanana, yana shan laima, don haka zangon da aka daidaita shi yakan ɗan goce idan ɗanshin iska ya canza ko aka sa shi inda babu iska. A wasu lokutan har yakan tsattsage a busasshen wuri. Duk da haka masu manyan lezojin nanosakan sun daɗe suna riƙe da ita, saboda ana iya shafa gilashi mai faɗin kusan mita da ita, tana karɓar horo, kuma juriyarta a wannan fage tana da kyau.

Masu goyon bayan hanyar feshi da harbin ayon (ƙwayoyin zarra masu cajin lantarki) suna da hujja mai ƙarfi su ma. Shafensu a cushe yake, ba ya shan ruwa, ba ya gocewa, kuma hasken da yake sha ana ƙirga shi ne da kashi cikin miliyan. Madubin na'urar LIGO ta Amurka, wadda ke auna girgizar sararin samaniya da hasken leza, masu nauyin kilo 40 kowanne, da wannan hanya aka shafa su a birnin Liyon na Faransa, kuma abin da suke sha bai kai kashi ɗaya cikin miliyan ba. Ga leza mai kwarara, wannan ne abin nema. Illarta ita ce jinkiri da tsada, sannan shafen yana matse gilashi har ya iya lanƙwasa sirara daga cikinsu. Kuma idan ƙullutu ya shiga shafe mai tauri haka, fitarsa takan yi ɓarna fiye da a shafe mai laushi. Tsakanin biyun akwai narkarwa tare da taimakon ayon, wadda ke rage ƙofofin ba tare da ta kai tsadar feshi ba.

Hanya ta uku ba ta bukatar ɗaki marar iska. Ana tsoma gilashi ko a juya shi da ruwan da ke ɗauke da ƙwayoyin silika ƙanana, ya bushe ya bar falle ɗaya wanda kusan rabinsa iska ne. Ma'aunin lanƙwasawarsa kusan 1.22 ne, daidai abin da silika take bukata don hasken ya daina dawowa, kuma tunda shi ma silika ne, juriyarsa ta kusa ta gilashin. Da shi ake shafa lensunan NIF, babbar cibiyar binciken leza da ke Kalifoniya. Sai dai yatsa ma yana share shi, kuma ƙofofinsa suna zuƙar tururin mai da na roba. Akwai kuma masu cewa a bar shafe ɗungurungum, a sassaƙa fuskar gilashin da tsinkaye ƙanana da ba su kai tsawon zangon haske ba, irin na idon malam-buɗe-littafin dare. Juriyar wannan ma babba ce, amma idan datti ya shiga tsakanin tsinkayen ba a goge shi da tsumma.

Babu wadda ta lashe duka fagagen. Taron masana ɓarnar leza da aka faro a Amurka tun 1969 ya ƙaddamar da gasa ta shekara-shekara a 2008, inda maƙera ke aika samfur a gwada ba tare da an bayyana sunayensu ba. Abin da gasar ta yi ta nunawa shi ne tazara mai faɗi tsakanin samfuran da aka yi da kaya iri ɗaya da hanya iri ɗaya. Wankin gilashi kafin shafawa da tsabtar ɗakin suna da nauyin da sunan hanyar shi kaɗai ba ya bayyanawa.

Yadda ake karanta lambar

Ƙa'idar gwajin ita ce ISO 21254. A gwajin harbi ɗaya, ana harbin wurare da dama a kowane matakin ƙarfi, kowane wuri sau ɗaya, a duba da madubin ƙara girma, a ƙirga kashi nawa suka lalace, sannan a ja layi zuwa ƙarfin da ake sa ran babu wanda zai lalace. A ɗaya gwajin ana maimaita harbi ɗaruruwa ko dubbai a wuri guda, kuma lambar da ke fitowa kusan kullum ta fi ƙanƙanta, domin shafe yana gajiya. Takardar da ba ta faɗi wanne aka yi ba ta ɓoye rabin labarin.

Girman wurin da aka gwada ma yana da tasiri. Haske mai faɗin milimita 0.2, ko an harbi wuri 100, jimillar abin da ya taɓa kusan murabba'in santimita 0.03 ne. Idan mugun aibi ɗaya ne a kowane murabba'in santimita, da wuya gwajin ya ci karo da shi, amma mai amfani da haske mai faɗi dole ya same shi. Saboda haka masu manyan gilasai suke share fili guda da harbi jere da jere.

Sai kuskuren da ya fi yawa a ɓangaren mai amfani. A ɗauki harbin milijul 100 da faɗin milimita 2. Filinsa murabba'in santimita 0.0314 ne, matsakaicin ƙarfi jul 3.2 a kowane murabba'in santimita ke nan. Amma yawancin hasken leza ya fi tsanani a tsakiya, kuma tsakiyar tana ninka matsakaicin sau biyu, wato jul 6.4. Idan aka matse faɗin zuwa rabin milimita, ƙarfin ya ninka sau 16, ya haura jul 100. Idan kuma hasken yana da tabo-tabo masu zafi, lissafin ya fi haka muni. Ga tsawon harbi, ƙa'idar da ake kwatanta da ita a fagen nanosakan ita ce idan harbi ya gajarta sau 4, juriya ta ragu da rabi: jul 20 a nanosakan 20 ya koma jul 10 a nanosakan 5. Wannan ƙa'ida ba ta aiki idan aka sauka wajen fikosakan 10, kuma lambar da aka auna a zangon 1064 ba a ɗaukarta a kai ta 532 ko 355. Mai hankali yakan tsaya a rabin lambar ko ƙasa, bayan ya yi duk waɗannan gyare-gyare.

Manyan cibiyoyi ma ba su kawar da ɓarnar ba. NIF, mai hasken leza 192, wadda a ranar 5 ga Disamba 2022 ta harba megajul 2.05 ta sami 3.15 daga haɗewar ƙwayoyin zarra, tana aiki ne da sanin cewa gilasanta na ƙarshe za su sami rauni. Ana sa musu ido da kyamara, a cire su kafin ramin ya girma, a ƙone wurin da lezar kabon dayoksaid ya zama rami mai santsi, a mayar. Tauraron Aeolus na hukumar sararin samaniyar Turai, wanda aka harba a 2018, ya sha jinkiri na shekaru, kuma cikin dalilan akwai tururin da ke fita daga kayan na'urar yana kwanciya kan gilasai inda hasken zangon 355 yake gasa shi. Maganin da aka samu shi ne a riƙa sakin oksijin kaɗan a cikin na'urar.

Abin da ya shafi mai aiki da na'ura

Mai yankan ƙarfe, da asibitin ido ko na fata, da mai zanen alama a kan kaya duk suna biyan kuɗin wannan al'amari, ta hanyar sauya gilashi da tsayuwar aiki. A lezar faiba ta yanka, akwai ƙaramin gilashin kariya a ƙasan lensi wanda aka yi shi don ya lalace a madadin lensin. Jinkirta sauya shi bayan tabo ya bayyana shi ne ke kai ɓarnar ga lensi mai tsada. Iskar da ake hurawa ma, idan kwamfuresa tana tafe da mai ko ruwa, ita ce ke shafa wa gilashin abin da zai ƙone.

Wajen sharewa, a sa safar hannu marar hoda, a fara hure ƙura da busasshiyar iska mai tsabta, domin goge ƙura a kan shafe karce shi ne. Sai a ɗiga tsantsar alkohol na aisofurofil ko asiton a kan takardar goge lensi, a ja ta sau ɗaya a hankali, a jefar. Asiton yana cin roba da wasu nau'o'in gam. Shafen zinare tsirara da gilashi mai tsagin raba launi ba a taɓa su da komai. Idan kuma gilashi biyu ne aka manne da gam, kamar wasu dunƙulen raba haske, gam ɗin ne ke fara ƙonewa komai ingancin shafen, don haka leza mai ƙarfi tana bukatar wanda aka haɗa ba gam.

Kafin saye, a nemi mai sayarwa ya faɗi zangon da aka yi gwajin, tsawon harbi, yawan harbi a daƙiƙa, faɗin hasken, kusurwar da ya faɗo, da ko ƙarfin tsakiya aka rubuta ko matsakaici. Madubin da aka tsara wa kusurwar digiri 45 idan aka sa shi a miƙe, hasken yakan kutsa zurfin fallayen da ba a shirya masa ba.

Lensin zinki selenaid da ya ƙone ko ya fashe kuwa ya wuce batun asarar kuɗi. Hayaƙi da ƙurar seleniyam guba ne, kuma wasu daga cikin lensunan ana shafa su da toriyam fuloraid mai ɗan tururin nukiliya. A kashe na'ura, a bar iska ta wanke wurin, a kwashe gutsattsarin da safar hannu da takunkumi, a rufe su a leda mai kauri, a miƙa wa masu zubar da shara mai haɗari ko a mayar wa wanda ya sayar.